Yadda mai gudun nisa zai ciyar da jikinsa a zafin Kebbi, tun daga ruwan leda har zuwa garin roba

Da wuya mako ya wuce wani yaro bai tare ni a bakin filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi ba, bayan mun gama zagayen safe. Zai buɗe waya ya nuna mini wata ƙatuwar roba ta garin gina jiki mai hoton ƙato da damtse kamar turmi, ya ce, "Malam, wanga in na saye shi, yana ƙara mani nisa?" Wasunsu shirin gwajin shiga soja suke yi, wasu 'yan ƙwallo ne, wasu kuma sun ƙudiri niyyar zuwa gudun yada-ƙanin-wani na Legas, wanda ake yi tun 2016. Ni kuma tambaya ɗaya nake mayar musu: a gudun jiya, kilo nawa ka zubar? Har yau ban samu wanda ya ba ni amsa ba.

Daga nan za mu fara, don a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, abin da ke kayar da mai gudu ko mai tseren keke ba ya cikin waccan robar. Robar tana da nata gurbi, amma a can ƙarshen layi take.

Mataki na farko: hau sikeli ka san yawan zufarka

Nemi sikelin awon mutum, ko na aro ne daga mai kemis. Da safe ka yi fitsari, ka hau sikelin da gajeren wando kawai, ka rubuta nauyinka. Fita ka yi gudun awa ɗaya yadda ka saba, kana ƙirga ruwan da ka sha a hanya. Ruwan leda ya sauƙaƙa mana lissafi, tunda kowace leda rabin lita ce. Da ka dawo, tuɓe rigar da ta jiƙe, goge jikinka, ka sake hawa.

Kowane kilo ɗaya da ka rasa, kusan lita ɗaya ce ta zufa. A ce ka fita kana kilo 60, ka dawo kana 58.9, kuma ka sha leda ɗaya. Kilo 1.1 da rabin litar da ka sha, ka zubar da lita 1.6 ke nan a awa ɗaya. Ma'aunin da masana wasanni ke amfani da shi shi ne kada asarar ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, wato kilo 1.2 ga mai kilo 60. Daga nan jini ke fara kauri, zuciya ta ƙara bugu a kan gudun da jiya take ɗauka cikin sauƙi, ƙafa ta yi nauyi. Ka maimaita awon nan sau ɗaya a bazara, sau ɗaya a lokacin hunturu. Iskar hunturu mayaudariya ce: tana shanye zufa nan take, riga a bushe, mutum ya ɗauka bai yi asarar komai ba alhali leɓensa har ya tsage.

Akwai kuma kuskuren ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. Mutum ya ji an ce a sha ruwa, sai ya yi ta ɗirkar zallar ruwa awa uku, awa huɗu, har gishirin jininsa ya tsinke. A gudun Boston na Amurka a 2002, an auna jinin masu gudu 488 bayan sun gama, aka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa. Alamunsa ciwon kai ne da tashin zuciya da kumburin yatsu da ruɗewa, kuma yana kisa. Idan ka dawo daga gudu ka fi yadda ka fita nauyi, ka sha ya wuce kima.

Mataki na biyu: haɗa ruwan gudunka da kanka

Gudun da bai kai awa ɗaya ba, ruwa zalla ya ishe shi. Idan ya zarce haka, jiki na buƙatar abu uku tare: ruwa, sukari da gishiri. Lemun 'yan wasa da ake shigowa da shi daga waje bai wuce waɗannan ukun ba, sai kala da ƙamshi. Ga yadda za ka haɗa naka:

Juye ruwan leda biyu a gora mai tsabta, lita ɗaya ke nan. Zuba sukari cokali biyar na cin abinci, a shafe, ba mai tozo ba. Wannan zai kai kimanin giram 60. Ƙara gishiri rubu'in ƙaramin cokalin shayi, wanda ke ba da sinadarin sodiyom kusan miligiram 600. Matsa lemun tsami ɗaya, ko ka zuba ɗan jiƙon tsamiya. Girgiza ka ɗanɗana. Idan ya yi maka kamar romo, gishirin ya yi yawa.

Dalilin da ya sa ake tsayawa a giram 60 zuwa 80 na sukari a lita shi ne ciki. Idan zaƙi ya fi haka, ruwan kan jima a tumbi bai wuce ba, ya yi ta ɓalam-ɓalam, wani lokaci ya jawo zawo. Lemun kwalba sukarinsa ya haura giram 100 a lita, don haka idan shi kaɗai ka samu a hanya, ka raba shi biyu, ka cika da ruwa, ka jefa ɗan gishiri. Shi kuwa garin ruwan gishiri da sukari na kemis, wanda ake ba yara masu gudawa, gishirinsa ya ninka na wannan haɗin kusan sau uku, sukarinsa kuma giram 13.5 kacal ne a lita. Yana da kyau bayan an dawo a galabaice, amma ba zai riƙe ka a hanya ba.

Sha kaɗan-kaɗan, kurɓi uku ko huɗu duk bayan minti 15, maimakon ka jira sai maƙogwaro ya bushe ka shanye gora guda.

Mataki na uku: abin ci a cikin tafiya

Jiki yana ajiye sukarin aiki a tsoka da hanta, kuma ajiyar ba ta da yawa: gudu mai ƙarfi na minti 90 zuwa awa biyu na iya cinye ta. Wanda ya taɓa kaiwa nan ya san abin. Ba gajiya ce irin ta kullum ba, ƙafa ce kawai ke ƙin umarni, ido ya fara ganin duhu-duhu, mutum ya ji haushin kowa.

Ƙa'idar ita ce giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, idan aikin ya wuce awa ɗaya. Waɗanda ke wuce awa biyu da rabi kan kai har giram 90, amma sai wanda ya horar da cikinsa. Rabin litar haɗin da muka yi a sama ta ba ka giram 30. Ayaba matsakaiciya tana da wajen giram 25. Zuma cokali ɗaya na cin abinci giram 17. Ƙananan dabino biyar ko shida sun kusa giram 30. 'Yar ledar zaƙin nan mai kauri da ake kira jel, wadda ake saye da tsada, yawanci giram 20 zuwa 25 ce a ciki, wato ayaba ɗaya. Fifikonta kawai shi ne ba ta da nauyi kuma ba ta dagargajewa a aljihu. Ni dai gutsuren mazarƙwaila nake ƙullawa a leda, in jefa a kunci ya yi ta narkewa.

A nan ne na taɓa yin wautar da har yau abokan tafiyata ke yi mini tsiya a kanta. Mun shirya hawan keke daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, sai na biya wani shago na sayi jel ɗin nan guda huɗu, abin da ban taɓa sa wa a baki ba, na haɗa da gwangwanin lemun ƙara kuzari. Tun ba mu yi nisa ba na zuƙe biyu a jere, ban bi su da ruwa ba. Muna wuce Ambursa cikina ya fara kiran ciroma, kafin wani lokaci ya murɗa, na jefar da keke a gefen titi na faɗa cikin gona. Da na fito ina haɗa gumi, wani dattijo da ke zaune gindin bedi ya ɗauki ledar da na yar, ya jujjuya ta, ya ce, "Yaro, wanga abu mi shika yi ma?" Na ce ƙarfi yake ƙarawa, Baba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini butarsa bai ce komai ba.

Laifin ba na jel ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za ka ci ko ka sha ranar gasa, ka gwada shi a atisaye sau uku ko huɗu tukuna, a irin lokacin da irin saurin. Kuma jel ko zuma ko mazarƙwaila, kowanne sai an bi shi da ruwa.

Kafin fita kuwa, ka ci abinci mai sitaci awa biyu zuwa uku kafin a tashi: shinkafa, kunu, burodi da shayi, ko dafaffen kudaku. Ka bar wake da yaji da maiƙo da ɗanyen ganye sai an dawo. Idan gasar za ta wuce minti 90, ka yawaita tuwon shinkafa a kwana biyun da suka gabace ta, ka kuma rage atisaye.

Mataki na huɗu: awannin farko bayan an dawo

Abu uku ake mayarwa. Ruwa: duk kilo ɗaya da ka rasa, ka sha lita ɗaya da rubu'i zuwa ɗaya da rabi, a hankali cikin awa biyu zuwa huɗu, tare da abinci mai gishiri, don zallar ruwa fitsari yake komawa. Sitaci: idan za ka sake fita a ranar, ka nemi kusan giram ɗaya a kan kowane kilo na nauyinka a kowace awa, na awanni huɗun farko. Idan sai gobe, abincin gida ya wadatar. Sai furotin, mai gyaran tsoka: giram 20 zuwa 25 a zama ɗaya.

Wannan giram 20 ɗin shi ne dalilin da ya sa ake sayen garin roba, to bari mu auna shi da abin da ke kasuwa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, uku sun kusa cika lissafi. Gasasshen kifi giram 100, kamar faɗin tafin hannu, ya ba da giram 20 ko fiye, mu kuwa da ke da Yauri da Argungu ba ma yi kukan kifi ba. Rabin litar kindirmo tana da wajen giram 16. Idan aka dama ta da fura, an haɗa ruwa da sitaci da furotin a ƙwarya ɗaya, kuma ban san wani haɗin kanti da ya fi wannan dacewa da mai dawowa daga gudu ba. Sharaɗin dai ya zama kindirmo na gaske da aka tafasa madararsa, ba tsalar da aka tsinka da ruwa ba. Awara da ƙuli-ƙuli da kilishi duk suna cike giɓi.

A yini guda mai gudun nisa na buƙatar giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kan kowane kilo, wato 72 zuwa 120 ga mai kilo 60, a rarraba shi sau uku ko huɗu. Ludayin garin roba ɗaya yana ba da kamar giram 24. Amfaninsa na gaskiya shi ne ga ɗalibin da ke makarantar kwana ko ɗan wasan da ke kan hanya, inda ba a samun girki. Ba ya yin wani abin da ƙwai huɗu ba za su yi ba.

Mataki na biyar: sinadaran da aka tabbatar suna aiki

A 2018 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya fitar da matsayar masana a kan waɗannan kayayyaki. Cikin ɗaruruwan da ake tallatawa, biyar ne aka samu hujja mai ƙarfi a kansu: kafeyin, naitiret, kiriyatin, bekin soda da beta-alanin. Biyun farko ne suka fi shafar mai gudun nisa.

Kafeyin shi ne sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro. Yana rage jin wahala, ya sa gudun ya zo da sauƙi a ƙwaƙwalwa. An cire shi daga jerin haramtattun sinadaran wasanni tun 2004. Ana shan miligiram 3 a kan kowane kilo, kamar awa ɗaya kafin a fara, wato 180 ga mai kilo 60, amma ka fara da rabin haka ka ga yadda jikinka zai karɓa. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da miligiram 80, kofin kofi na gari ma kusan haka. Ƙari a kan ƙa'ida ba ya ƙara gudu, sai rawar hannu da faɗuwar gaba. Goro yana aiki, matsalarsa ita ce ba ka san nawa ka ci ba, don wani ya fi wani ƙarfi. Kuma rabin abin da ka sha yana nan a jini bayan wajen awa biyar, saboda haka mai atisayen yamma da ya sha kofi da la'asar ya sayar da barcinsa, alhali barcin ya fi kofin amfani. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko olsa ya tuntuɓi likita kafin ya taɓa.

Naitiret kuwa a jan tushen nan da ake kira bitirut aka fi saninsa, wanda ake kawowa daga Jos, kuma akwai shi da yawa a alayyafo da latas. Ƙwayoyin halittar da ke kan harshe ne ke fara sarrafa shi, daga baya ya zama iskar da ke buɗe hanyoyin jini, tsoka ta yi aiki iri ɗaya da ƙarancin iskar shaƙa. Ana shan ruwan bitirut awa biyu zuwa uku kafin gasa, kimanin rabin lita idan matsin gida ne. Kada ka kurkure baki da ruwan wankin baki mai kashe ƙwayoyin cuta a ranar, don zai kashe masu yin aikin. Idan fitsari ya yi ja, kada ka firgita, kalar ce. Ribar kaɗan ce, kuma ta fi bayyana ga masu tasowa a kan ƙwararru.

Kiriyatin, giram 3 zuwa 5 a kullum, na masu fizga ne: ɗan ƙwallo, ɗan kokawa, mai ɗaga ƙarfe. Yana ƙara kilo ɗaya ko biyu na ruwa a jiki, wanda mai gudun kilomita 42 zai yi ta dako. Bekin soda da beta-alanin na tseren da bai wuce minti goma ba ne, kuma sodar na ɓata ciki sosai. Na ji wani yana cewa ai kanwa ma soda ce, zai jiƙa ya sha. Kada ka kuskura.

Mataki na shida: idan dole sai ka sayi roba

Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tabbata murfin bai taɓa buɗuwa ba. Kada ka sayi garin da aka ɗibo daga babbar roba aka ƙulla a leda. Zaɓi mai sinadari ɗaya da aka rubuta yawansa ƙarara, ka guji mai jerin sunaye ashirin da alƙawarin ƙone kitse da kumbura damtse a mako biyu. Wani bincike da aka yi a ɗakin gwaje-gwaje na birnin Kolon a Jamus, da tallafin kwamitin Olamfik, ya auna irin waɗannan kayayyaki 634 daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da haramtattun sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Dokar wasanni kuwa ba ruwanta da "ban sani ba": abin da aka samu a fitsarinka, kai ke da alhakinsa. Mai burin zuwa gasar ƙasa ya nemi kayan da ke da tambarin Informed Sport, alamar an gwada su.

Sai maganar da ta fi damuna. Tiramol ba abincin wasa ba ne. Yana rufe jin ciwo ne kawai, mutum ya yi ta gudu a kan rauni, ga jaraba, ga farfaɗiya, kuma tun 1 ga Janairun 2024 ya shiga jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Haka haɗiyar ibufurofen ko dikulofenak kafin dogon gudu "don kada jiki ya yi ciwo": ƙodar da ruwa ya riga ya yi mata ƙaranci, waɗannan magunguna na ƙara toshe mata jini.

Wanda kuma ke jin kasala ba dalili, numfashi na yanke masa a gudun da ya saba, kada ya ruga sayen maganin ƙarin jini. Ya je asibiti a auna jininsa, a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Mata masu gudu sun fi fuskantar ƙarancin sinadarin ƙarfe saboda al'ada. Idan likita ya rubuta maganin, a sha shi da lemun zaƙi ko jiƙon 'ya'yan kuka, a nisanta shi da shayi, don shayi na hana jiki tsotsarsa. A kuma san nau'in jini na gado: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato mai ɗauke da rabin gadon cutar sikila, kuma mai AS na iya yin wasa lafiya lau, amma tsananin zafi da ƙishirwa da fizgar da ba hutu sun fi yi masa haɗari. Idan ƙafa ta saki ko ƙirji ya riƙe, ya tsaya nan take.

In azumi ya zo

Lissafin bai canza ba, lokacin ne ke juyawa. Atisaye mai sauƙi, wanda bai wuce minti 40 ba, a yi shi dab da magariba, yadda ana gamawa ana shan ruwa. Dogon gudu da mai ƙarfi a bar su sai bayan tarawi. Buɗa baki da dabino da rabin litar haɗin sukari da gishirin nan, ka bar cin mai nauyi sai an dawo, sannan fura da kindirmo ko shinkafa da kifi. Raba shan ruwanka tsakanin magariba da sahur, leda ɗaya duk bayan awa ɗaya ko makamancin haka, maimakon ka cika ciki ana dab da kiran assalatu. Kofi da goro a rage su da dare. Ƙwai uku ɗin nan kuma a mayar da su sahur.